Yadda Wane Ya Zama Wane

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, ku bar soshe-soshen ƙafa. Wanda ya san bakinsa ba ya rufuwa ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

A wani gari aka yi wani mutum ana ce masa Cindo, saboda da yatsu shida aka haife shi a hannun dama. Shi ne ɗan fari a gidansu. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, kunya take ji. To ita uwar Cindo, Inna Tabawa, ko sunan yanka ko na laƙabi ba ta taɓa faɗa ba. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai wane!" In za ta aike shi, "Kai wane!" In za ta yi masa faɗa, wanda shi ya fi yawa, "Kai wane!"

Kuma in gaskiya za a bi, faɗan nan shi ya jawo wa kansa. Gemu ya fito masa, amma ba ya noma, ba ya kiwo, ko ruwa aka ce ya ɗebo sai ya ce guga ya yi nauyi. Abu biyu kawai ya iya a duniya: buga wani tsohon kalangu da ya tsinta, da kankare ƙanzo a gindin tukunya. Ubansa Malam Nomau kullum cewa yake, "Ni ban san inda aka samo wannan ba. Duk danginmu babu maroƙi." Ƙanwarsa Lanti mai tuyar ƙosai kuwa cewa take, "Ai yatsan nan na shida don satar ƙanzo aka ƙara masa."

Ana nan ana nan, wata ranar kasuwa Inna ta same shi ya tsuguna a madafi, kansa cikin tukunya. Sai ta zaro muciya. Sai ya zura da gudu. Ta bi shi har bakin zaure tana zazzaga masa. Bai tsaya ko'ina ba sai kasuwa, gefen rumfar mahauta. Ya zauna yana haki, ransa a ɓace, faɗan Inna yana ta yi masa yawo a ka. Sai ya saƙala kalangu a hammata, ya fara kwaikwayonta don haushi:

"Kai wane, kai wane,
Ƙanzo ya san ka, fartanya ba ta san ka ba.
Kai wane, kai wane,
Kaza ta riga ka tashi, jaki ya riga ka hankali."

Kai! Sai mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Mai awon gero ta bar mudu yana zuba. Wani tsoho ya yi dariya har ya haɗiye goronsa. Kun san dalili? Babu gidan da ba shi da wanensa, kuma babu wanda uwarsa ba ta taɓa kwashe masa albarka da irin wannan murya ba. Sai Sarkin Pawa ya taso da tumbinsa, yana share hawayen dariya, ya ce, "Yaro, sake!" Ya sake. Ya ce, "Ƙara!" Ya ƙara. Nan take ya sa aka kawo sabon kalangu mai jar riga, da babbar riga, da hula, ya ce daga yau Cindo ne Sarkin Kiɗan mahauta.

Daga nan abin ya zama wa Cindo sana'a. Da safe Malam Nomau ya ce masa, "Gona na kuka kana kiɗa, ranar girbi ka ci kalangu," da rana ta zama waƙa. Lanti ta ce masa, "Ciki kamar rumbu, zuciya kamar ta ƙadangare," washegari yara na tafa ta a dandali. Kafin shekara ta zagayo sunansa ya kai gari bakwai. Ko'ina ka shiga sai ka ji ana cewa, "Ai Cindo ya zama wane." Ku ji ikon Allah, kalma ɗaya ce, a gida ita ce faɗa, a gari ita ce girma.

To a nan gida ya fara juyewa.

Malam Nomau ne ya fara. Sai ga shi yana shimfiɗa buzu a ƙofar gida yana gaya wa baƙi, "Ai gado ne. Kakana in ya yi tari ma sai mata sun yi rawa. Ni na fara koya masa a bayan ƙwarya." Lanti kuma ta riƙa cewa, "Yatsan nan na shida, tun muna yara na san na baiwa ne." Dangi suka yi ta ɓullowa kamar gara bayan ruwa. Har wani ya zo daga nesa ya ce shi ɗan'uwa ne na jini, wai kakarsa ta taɓa aron allura a gidan.

Inna ce kaɗai ta daɗe ba ta sake ba. Sai matan unguwa suka taru suka same ta, suka ce, "Haba Tabawa! Ɗanki ya zama wane, ke kina ce masa wane? In baƙi suka ji ai kin zubar masa da mutunci." Washegari sai ga ta ta ɗauko akushi rufe da sabon faifai, ta durƙusa, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Sarkin Kiɗa, ga abinci." Shinkafa da kaza. Ƙanzo kuwa tun daga ranar aka riƙa zuba wa tsohuwar akuyar gidan, wata mai suna Kyalla.

Da farko Cindo daɗi ya ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya kwanta har hantsi, ba mai cewa tak. Ya yi atishawa, mutum huɗu su amsa. Amma fa waƙa ta tsaya cak. Ya ɗauki kalangu, ya matse, ya buga, ya buɗe baki, ba abin da ke fitowa sai tsofaffin nan. Mutane suka fara hamma a gabansa. Yara suka fara riga shi kai ƙarshen baiti.

Ran nan Sarkin Pawa ya kira shi, fuska ba annuri, ya ce, "Sarkin Kiɗa, nama ma in ya kwana uku a rumfa ƙuda ke saye. Nan da kwana huɗu, ranar kasuwa, za mu yi hawan ƙaho, mahautan gari bakwai za su zo wasa da bijimi. Ka zo da sabuwar waƙa. In ka zo da tsohuwa, a tsakiyar fage zan karɓe kalanguna in tuɓe rigata, ka koma gida daga kai sai wando."

Cindo ya komo gida da kalangu a hammata. Ya zagaya bayan ɗaki inda turken Kyalla yake, ya zauna ya yi tagumi. Sai ya ji an ce, "In za ka zauna nan, ka juya min kalangun nan baya. Fatar kakata ce."

Ya waiwaya, ba kowa sai akuya tana tuƙa. Ya ce, "Kyalla, ke ce?"

Ta ce, "A'a, turke ne. Ni ce mana. Waƙa ta ƙare, ko?"

Ya ce, "Ta ƙare."

Ta ce, "Dama kai ka taɓa yin waƙa? Inna ke yi, Baba ke yi, Lanti ke yi. Kai ɗauka kawai kake ka kai kasuwa, kamar ɗan dako. Yanzu sun daina yi maka faɗa, me za ka ɗauka?"

Cindo ya riƙe baki. Wallahi sai a lokacin ya gane. Ya ce, "To ke me ya dame ki da lamarina?"

Kyalla ta ce, "Me ya dame ni? Da faɗan gidan nan raba mana ake yi biyu, rabi naka rabi nawa. Tun da ka zama wane ni kaɗai nake sha. Ƙanzo dai ina ci, amma dubi haƙarƙarina, duk shatin muciya ne. Ka je ka ja su da tsokana, ka karɓi rabonka, ni ma in huta."

Sai Cindo ya tashi da murna. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, tun yana yaro abin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan.

Rana ta farko ya shiga turakar Malam Nomau, ya ɗauko hular da tsohon ba ya sa wa sai ranar Juma'a. Ya kai ta wajen buhu, ya cika ta da dusa, ya jiƙa, ya ajiye wa Kyalla a tsakar gida. Sai ga Malam Nomau. Ya ga hula, ya ga akuya. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, gemunsa ya fara rawa. Cindo ya gyara kalangu a hammata yana jira. Sai tsohon ya dubi babbar rigar da ke jikin ɗansa, ya haɗiye yawu, ya ce, "Madalla! Hular da Sarkin Kiɗa ya taɓa da hannunsa!" Ya ɗauka ya kifa a ka, dusa na zubo masa ta bayan kunne, ya fita yana nuna wa baƙi.

Kyalla ta ce, "Saura kwana uku."

Rana ta biyu ya sami Lanti a ƙofar gida ta gama tuya, faranti cike da ƙosai yana tururi. Ya zauna ya cinye tas, har da ɓurɓushi, ya goge hannu da gefen mayafinta. Lanti ta miƙe tsaye. Lantin da in ta buɗe baki kare ma sai ya bar unguwa! Ta riƙe ƙugu, ta ja numfashi. Cindo ya ce a ransa, yawwa, ga ta nan tafe. Sai ta ɗaga faranti sama ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Jama'a ku zo ku ga ƙosan da Sarkin Kiɗa ya cinye!" Kafin ka ce kwabo mata sun yi layi, kowace na lakato man farantin tana shafa wa ɗanta a maƙogwaro wai don ya yi murya.

Kyalla ta ce, "Saura kwana biyu. Kuma jiya sau shida aka buge ni."

Rana ta uku Cindo ya ce yau sai Inna. Akwai wata randa a gindin bishiyar tsakar gida, tun ta kayan aurenta ce, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai. Cindo ya jira har ta fito daga ɗaki, ya sa ƙafa ya ture randar. Ta fashe, ruwa ya malale har ƙafar Inna.

Inna ta tsaya. Ya ga maganar ta taso mata tun daga ciki, ya ga ta hau ƙirji, ta iso wuya. Ta nuna shi da yatsa, ta ce, "Kai wa..."

Cindo ya rufe ido don daɗi.

Ta ce, "Kai wa... wallahi Sarkin Kiɗa ya kyauta. Dama randar ta tsufa."

Ta sunkuya ta fara tsince ɓaraguzan randa. Maƙwabta suka shigo suna wawaso, wai za su rataya a ɗaki don sa'a. Ba a jima ba Cindo ya jiyo ƙarar muciya a bayan ɗaki, da kukan Kyalla.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya je ya zauna a gindin turke ya yi kuka, kuka na gaske, da majina da komai. Ba kalangun ne ya fi ƙona masa rai ba a lokacin. Gani ya yi yana cikin gidan ubansa amma ya zama baƙo, kuma uwar da ta haife shi tana jin tsoronsa.

Kyalla ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Kai ma da wauta. Ba kai suke gani ba, riga suke gani. Gobe da safe ka kawo min ita da hularka. Tsohuwar tagguwarka tana nan?"

Ya ce, "Inna na goge tukunya da ita."

Ta ce, "Ita nake nufi."

Gari ya waye, ranar kasuwa. Cindo ya kwance Kyalla, ya kai ta zaure, ya ɗora ta kan tabarmarsa, ya zura mata babbar riga, ya kifa mata hula har ta rufe ƙaho, ya juya fuskarta bango. Shi kuma ya sa tsumman tagguwa, ya lallaɓa madafi, ya tsuguna, ya ba ƙofa baya, ya jawo tukunyar tuwon jiya.

A zaure kuwa masu gaisuwa sun fara cika. Malam Nomau ya zube ya ce, "Barka da asuba, Sarkin Kiɗa. An tashi lafiya?"

Kyalla ta ce, "Meee."

Malam Nomau ya juya ga baƙi ya ce, "Kun ji? Sabuwar waƙar ce yake gwadawa. Sak muryar kakana!"

Lanti ta ce, "Ni tun jiya na san haka za ta fara." Baƙi suka yi ta gyaɗa kai suna cewa lallai abin akwai zurfi, ba kowa zai gane ba.

A madafi kuwa ƙar, ƙar, ƙar, Cindo na kankarar ƙanzo. Sai ya ji taku a bayansa. Sai ya ji shiru. Sai ya ji tim! Muciya a gadon baya.

"Kai wane! Uban wa ya ce ka taɓa min tukunya?"

Wayyo daɗi! Cindo ya zabura zai juyo, sai Inna ta danne masa kai da hannu, ta ce, "Kada ka juyo! In ka juyo sai na durƙusa. Tsaya a haka in gama."

Ya ce, "Inna, kin gane ni?"

Ta ce, "Ji sakarai! Wa ke da yatsu shida a kan tukunyata in ba kai ba? Ko cikin buhu aka ɗaure ka na san ƙeyar da na haifa. Rufe min baki!"

Sai ta ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa. Faɗan shekara guda da ta yi ta haɗiyewa ya yi ta zubowa. Ta yi na randa. Ta yi na hular ubansa. Ta yi na ƙosan Lanti. Ta yi na kajinta goma sha ɗaya da aka yanka masa, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da kamanninsu. Ta ce, "Gari bakwai na tafa maka, ko kunnenka ba ka iya wankewa! Riga ta yi girma, mai riga bai yi ba! Aka ce min na haifi sarki, na duba ɗaki na duba zaure, sarki na nan, ɗana fa? Shekara guda ina dafa wa baƙo abinci, ɗan da na goya ban san inda ya shiga ba!"

Cindo na tsugune, hawaye na ɗiga cikin tukunya, amma yatsunsa shida sun riga sun fara buga gefenta.

Inna ta share ido da bakin zane, ta kankare sauran ƙanzon da kanta, ta ƙulle a ganye ta cusa masa a hannu, ta ce, "Kai wane, tashi ka tafi kasuwa. In ka ba ni kunya kada ka dawo min gida."

Haka ya tafi, da tsumma, ta ƙofar baya. Fage ya cika maƙil, an riƙe bijimi da igiya biyu yana huci. Sarkin Pawa ya gan shi ya murtuke fuska, ya ce, "Ina rigata?"

Cindo ya ce, "Tana karɓar gaisuwa a gida, ranka ya daɗe."

Bai jira amsa ba ya matse kalangu:

"Kai wane, kada ka juyo,
In ka juyo sai na durƙusa.
Gari bakwai na tafa maka,
Ko kunne ba ka iya wankewa.
Riga ta yi girma, mai riga bai yi ba,
Sarki na nan, ɗana fa?"

Aka kwashe da dariya har masu riƙe da igiya suka kusa sakin bijimi. Amma da ya maimaita baitin ƙarshe sai dariyar ta fara raguwa. Manyan mutane, masu rawani da masu tumbi, kowa ya sunkuyar da kai. Sarkin Pawa ya ja hanci, ya ce, "Ni shekara ashirin rabon da wani ya ce min sakarai. Tun da tsohuwata ta rasu." Ya dafa kafaɗar Cindo ya ce, "Riƙe kalangunka. Kuma ka gaida min Inna, ka ce in tana da saura ta aiko min."

Da Cindo ya komo gida ya tarar da zaure a hargitse. Ashe yunwa ta kama Kyalla, ta fara cin hannun rigar, har hula ta faɗi ƙaho ya bayyana. Baƙi sun watse suna salati. Malam Nomau na tsaye yana cewa, "Ai ni tun farko na gane, gwada ku nake yi." Da ya hango Cindo cikin tsumma sai ya manta da komai, ya ce, "Kai, ɗan banza, zo nan! Wa ya cika min hula da dusa?" Lanti ta fito da matsamin ƙosai a hannu tana cewa ita ma tana da magana.

Cindo ya zauna a ƙasa yana washe baki, ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya, don Allah, kada in manta."

Tun daga ranar aka kafa ƙusa a zaure. In ya dawo daga wasa, a nan yake rataye abin da Kyalla ta rage na rigar, sannan ya shiga gida. Faɗa ya koma rabi da rabi kamar da. Ƙanzo ne dai har yau suke rigima a kai shi da akuya.

To kun ji. Kowa Allah ya ɗaukaka ya zama wane a gari, ya roƙi Allah ya bar masa mai ce masa "kai wane" a gida. Ku kuma da kuke ta zumɓura baki in an yi muku faɗa, ku yi ta zumɓurawa, akwai ranar da za ku neme shi da kuka ba ku samu ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don akuya ta ƙarasa cinye shaidar ba, da na kawo muku rigar kun gani.